Tambayoyi da amsoshi kan takardun shaidar tiransimita mara waya ta masana'antu

Waɗannan tambayoyi ne da masu aikin na'urorin awo da masu sayo kaya suke yawan maimaitawa idan maganar tiransimita mara waya ta taso, wato irin wadda ake ɗaurawa a jikin bututu ko tanki tana auna matsin iska, zafi, gudun ruwa ko girgizar inji, sai ta tura sakamakon ta rediyo ba tare da an ja mata kebul ba. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma dole a zauna a kansu don rayukan mutane ne a ciki.

Wai takardu nawa ake buƙata ne? Ba guda ɗaya ba ce?

Ba guda ɗaya ba ce, kuma nan ne yawanci ake fara ruɗewa. Na'urar tana da haɗari iri daban-daban, kowane haɗari kuma da hukumarsa da takardarsa. Akwai ta rediyo, wadda ke nuna na'urar ba za ta shiga zangon wasu ta dame su ba. Akwai ta jituwa da sauran kayan lantarki da ake kira EMC, wato kada hayaniyar injinan da ke kusa ta rikita ta kuma ita ma kada ta rikita su. Akwai ta tsaron lantarki, ga kayan awo yawanci ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 61010-1 ce. Idan wurin akwai gas ko ƙura mai kama wuta sai a ƙara ta hana fashewa, irin su ATEX da IECEx. Batirin ma da tasa takardar ta sufuri. Babu wadda ke tsaya wa wata, na'ura tana iya zama da cikakkiyar takardar rediyo amma haramun ne a shiga da ita matatar mai.

An ce zangon 2.4 GHz ba ya buƙatar lasisi, to me ya kawo satifiket kuma?

Abu biyu ne ake haɗawa a nan. Lasisi na mai amfani ne, satifiket kuma na na'urar ne. Da aka ce zangon ISM, wato zangon rediyon da aka ware wa kayan masana'antu da kimiyya da asibiti, ba lasisi, ana nufin kai ba sai ka je ka biya an ware maka zango ba, amma sharaɗin shi ne na'urar da za ka kunna an riga an gwada ta an ga ba ta wuce ƙarfin da aka yarda ba. A Amurka dokar ita ce Part 15 ta FCC, hukumar sadarwar ƙasar, sashe na 15.247 shi ya shafi 902 zuwa 928 MHz da 2400 zuwa 2483.5 MHz da 5725 zuwa 5850 MHz, kuma akwai sharaɗi biyu da ake rubutawa a jiki ko a littafin na'urar: kada ta dami kowa, sannan in wani ya dame ta sai dai ta haƙura. Wannan na biyun fa ka riƙe shi da kyau, domin idan wifin ma'aikata ya cika zangon har siginarka tana yankewa babu hukumar da za ka kai wa ƙara, ba ka da kariya. Shi ya sa masu aikin bututu mai nisa wani lokaci suke gwammace zango mai lasisi, a Amurka wannan ƙarƙashin Part 90 yake.

Na sayo na'ura daga Amurka tana da FCC ID, zan iya kunna ta a Turai ko Afirka?

In ta 900 MHz ce, a'a, kar ma ka gwada. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya yanki uku, Amurka ta arewa da ta kudu su ne yanki na 2 kuma a can ne 902 zuwa 928 yake zangon ISM. Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya yanki na 1 ne, a nan kamfanonin wayar salula ne suke zaune a 880 zuwa 915 da 925 zuwa 960, kenan in ka kunna ta ka shiga gonar masu lasisi kai tsaye, su kuma suna da kayan da za su bi sigina har ƙofarka. A Turai abin da ake amfani da shi shi ne 868 MHz, kuma ƙarfinsa kaɗan ne, a 868.0 zuwa 868.6 miliwat 25 kawai tare da ƙa'idar kashi 1 cikin ɗari na lokaci, wato a awa guda daƙiƙa 36 kacal na'urar za ta yi tana magana. Akwai ɗan yanki a 869.4 zuwa 869.65 da aka yarda da miliwat 500 da kashi 10 cikin ɗari.

Ita 2.4 GHz kusan ko'ina tana aiki amma ƙarfin ya bambanta, Amurka ta yarda har wat 1 daga bakin na'ura da eriya mai 6 dBi (ma'aunin ƙarfin da eriya ke ƙarawa), Turai kuma ƙarƙashin EN 300 328 miliwat 100 ne duka-duka har da abin da eriya ta ƙara. Kuma ko zangon ya dace, takardar FCC ta Amurka ce kawai. Kanada tana da ISED da lambar IC, Japan da tambarin Giteki, Sin da SRRC, Indiya da WPC, Barazil da ANATEL, Afirka ta Kudu da ICASA, Najeriya da NCC. Wasu daga cikinsu suna karɓar rahoton gwajin da aka yi wa FCC ko Turai su duba su ba da tasu shaidar, wasu kuma sai an sake gwaji a cikin ƙasar.

Tana da tambarin CE, ai ya wadatar ko?

Ya danganta da abin da CE ɗin ya ƙunsa. Shi CE ba hukuma ce ke bugawa ba, mai ƙera kaya ne da kansa yake cewa kayana sun cika dokokin Tarayyar Turai da suka shafe su, saboda haka abin nema shi ne takardar da ke bayansa, wadda ake kira DoC, a ciki zai lissafa dokokin ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu. Ga na'urar rediyo dole ka ga 2014/53/EU, wato RED, wadda ta fara aiki 13 ga Yuni 2016 ta maye gurbin tsohuwar dokar R&TTE. Ita RED ta haɗa lafiya da tsaro, da EMC, da amfani da zango yadda ya kamata. Idan kamfanin ya bi ƙa'idojin da aka amince da su baki ɗaya, irin su EN 300 328 ko EN 300 220 da jerin EN 301 489, yana iya ba da shaidar da kansa, in ya kauce musu sai wata hukumar gwaji da aka amince da ita ta shigo. Kuma dole ya ajiye fayil ɗin gwajin shekara 10. In ka duba DoC ba ka ga 2014/34/EU, wato dokar ATEX, ba to wannan CE ɗin bai ce komai kan wurin gas ba.

Sigina ba ta kaiwa, in na canza eriya na sa mai ƙarfi akwai matsala?

Akwai, kuma babba. Satifiket na na'urar da eriyarta ne a tare kamar yadda aka gwada su, ba na akwatin kaɗai ba. A dokar FCC an yarda ka sa wata eriya ne kawai in irin wadda aka gwada ce kuma ƙarfinta daidai ne ko ƙasa da haka, shi ya sa ma sashe na 15.203 ya ce ko dai eriyar ta zama a manne, ko mahaɗinta ya zama na daban da ba a samu ko'ina, ko kuma ƙwararre ne zai girka. In eriya ta wuce 6 dBi sai an rage ƙarfin na'urar gwargwadon abin da ta wuce. A Turai lissafin ya fi tsauri tunda miliwat 100 ɗin da eriyar ake auna shi, na'ura mai 10 dBm ka ɗora mata eriya mai 12 dBi ka kai 22, ka wuce 20 dBm da aka yarda, wato miliwat 100 ɗin.

A wurin gas kuma abin ya wuce karya doka. Eriya da kebul ɗinta suna cikin abin da aka tantance, robar eriyar ma an duba ko tana tara cajin da zai ba da tartsatsi. Hanyar da ta fi ita ce ka ƙara na'urar da za ta karɓa ta miƙa a tsakani, ko ka ɗaga geteway, wato na'urar da ke tattara sigina, sama, ko ka yi amfani da eriyar nesa da kamfanin ya lissafa a cikin takardarsa. WirelessHART da ISA100.11a, tsare-tsaren sadarwar irin waɗannan na'urori, dama an gina su ne kowace na'ura tana iya miƙa wa ta kusa da ita.

Mu muna haɗa tamu na'urar ne da mojul, wato ɗan allon rediyo da aka riga aka haɗa, mai satifiket, mun huta da gwaji kenan?

Kun rage dai, ba ku huta ba. A Amurka mojul mai cikakkiyar amincewa ƙarƙashin 15.212 yana ba ku damar rubuta cewa na'urar tana ɗauke da FCC ID kaza a jikinta, amma sai kun bi umarnin mai mojul ɗin kan eriya da shimfiɗar allon, sannan sauran na'urar har yanzu sai an gwada hayaniyar da take fitarwa ƙarƙashin Part 15 B. In kuka haɗa rediyo biyu suna magana lokaci ɗaya, misali Bluetooth da LoRa, wannan ma sai an duba. A Turai kuma RED ba ta da irin wannan tsarin amincewa da mojul, wanda ya sa sunansa a kan na'urar da aka gama shi ke ɗauke da nauyin duka, rahoton mojul ɗin taimako ne kawai a cikin fayil ɗinsa.

Injiniya, don Allah meye bambancin ATEX da IECEx, kuma yaya ake karanta rubutun da ke jikin farantin?

ATEX doka ce ta Tarayyar Turai. 2014/34/EU ta masu ƙera kaya ce, ta fara aiki 20 ga Afrilu 2016, akwai kuma 1999/92/EC wadda ta hau kan mai masana'anta, shi ne zai rarraba wurinsa zuwa zon-zon. IECEx kuma tsari ne na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin IEC, dole wata hukuma ta waje ta gwada kayan ta kuma binciki masana'antar da ke ƙera su, kuma ana ɗora satifiket ɗin a intanet kowa ya gani. Dukansu a kan jerin IEC 60079 suke tafiya shi ya sa rubutun yake kama. Amurka tana da nata tsarin na Class da Division a cikin NEC, ƙa'idar lantarkinta, da shaidar ɗakunan gwaji da hukumar kare ma'aikata OSHA ta amince da su kamar UL, FM da CSA. Barazil INMETRO, Indiya PESO, Sin kuma CCC ta kayan Ex.

Zon 0 shi ne inda gas yake kullum ko na dogon lokaci, kamar cikin tanki saman man. Zon 1 inda ake sa ran zai riƙa fitowa lokaci-lokaci a aikin yau da kullum. Zon 2 inda ba a sa ran fitowarsa, in ma ya fito ba ya daɗewa. Ƙura kuma 20, 21, 22 ne, kuma kar ka raina ƙura, garin hatsi, sukari, katako da alminiyom duk suna fashewa in sun tashi a iska.

To ga misalin rubutu: II 1 G Ex ia IIC T4 Ga. II na farko yana nufin ba na ramin haƙar ma'adinai ba ne, 1 G rukuni na ɗaya na gas wanda ya dace da Zon 0. Ex ia ita ce hanyar kariyar, wato an taƙaita wutar da ke cikin na'urar ta yadda ko abu biyu sun lalace a tare tartsatsin ba zai iya kunna gas ba, ib abu ɗaya ne, ic kuma aikin lafiya lau kawai. Yawancin tiransimita masu batir ia ne don dama wutarsu kaɗan ce. In ka ga Ex d wannan dabara daban ce, akwati ne mai kauri da zai riƙe fashewar a cikinsa. IIC rukunin gas ne mafi saurin kamawa, haidirojin da asitilin, IIB etilin, IIA furofen, kuma mai IIC tana shiga wurin IIB da IIA amma mai IIA ba ta shiga wurin IIC. T4 na nufin jikinta ba zai wuce digiri 135 ba. Jerin shi ne T1 450, T2 300, T3 200, T4 135, T5 100, T6 85. Amma duba zafin muhallin da aka rubuta kusa da shi, domin in ba a rubuta komai ba to daga -20 zuwa +40 ne kawai, kuma na'urar da ke manne da bututu mai zafi a tsakar rana cikin sauƙi take wuce 40, wannan abu ne da nake ganin ya kamata a riƙa tsayawa a kansa fiye da yadda ake yi. Ni a ganina duk wanda ba zai iya karanta wannan layin ba bai kamata ya sa hannu a takardar karɓar kaya ba.

Shi kansa rediyon zai iya tayar da wuta?

Zai iya in yana da ƙarfi, domin ƙarafan da ke wurin, bututu, kiren, waya, suna iya zama kamar eriya su tara wuta su ba da tartsatsi a inda suka rabu. IEC 60079-0 ta sa iyaka: wat 2 ga IIC, 3.5 ga IIB, 6 ga IIA, kuma da ƙarfin eriya ake lissafin. Tiransimita ta WirelessHART yawanci wajen miliwat 10 take fitarwa, ta yi nesa da iyakar sosai. Inda ake sa ido shi ne manyan rediyon dogon zango da aka ɗora wa eriya mai ƙarfi, wat 1 da eriya 6 dBi ya zama wat 4, ya riga ya wuce na IIC da IIB alhali a dokar FCC halal ne.

Lambar satifiket ɗin ta ƙare da X, me yake nufi?

Yana nufin akwai sharuɗɗa na musamman, kuma suna cikin satifiket ɗin ba a jikin farantin ba, sai ka buɗe ka karanta. Waɗanda aka fi gani a irin wannan na'ura: kada a goge robar da busasshen tsumma saboda caji, sai da mai danshi; in akwatin alminiyom ne a Zon 0 a kare shi daga duka da gogayya; batir kaza kaɗai za a saka. In kuma U ce a ƙarshe to ɓangare ne kawai, ba a girka shi shi kaɗai.

Batirin ya ƙare, na samu wani mai girma da wuta iri ɗaya, in saka?

A'a. Batirin irin waɗannan na'urori yawanci litiyom tayonil kuloraid ne mai bolt 3.6, kuma fakitin da kamfani yake sayarwa ba batir zalla ba ne, a cikinsa akwai abin da ke taƙaita wutar in an samu gajeriyar hanya, shi ne ma ya sa wasu ake iya canza su a cikin zon ba tare da an kwance na'urar ba. Ka sa na kasuwa, ia ɗin nan ta tashi aiki ko da farantin yana nan da rubutunsa. Wajen sufuri kuma dole batirin ya ci gwajin UN 38.3, lambarsa UN 3090 in shi kaɗai ne, UN 3091 in yana ciki ko tare da na'ura, kaya ne masu haɗari aji na 9, kuma tun 2015 ba a ɗaukar UN 3090 a matsayin kaya a jirgin fasinja, sai jirgin dakon kaya. Ka sa wannan a lissafin lokacinka in za ka yi odar batir na ajiya.

IP67 fa, ba ya nufin ba ta fashewa?

Ko kusa. IP daga IEC 60529 yake, ƙura da ruwa kawai yake magana. 6 ƙura ba ta shiga, 7 ta jure nutso a ruwa zurfin mita 1 na minti 30. Bai taɓa maganar gas ba.

Zan iya amfani da ita wajen kashe inji na gaggawa? Na ga an rubuta SIL 2 a takardar sensa ɗin.

SIL, wato matakin amincin tsarin tsaro, daga IEC 61508 da IEC 61511 ya fito, kuma na dukan zagayen ne daga sensa zuwa kwamfutar tsaro zuwa bawul, ba na abu ɗaya ba. Sau da yawa SIL ɗin da ka gani na samfurin mai waya ne mai 4 zuwa 20 mA, ba na mara waya ba, ka duba littafin tsaron ka gani. Na'urar batir tana turo sakamako ne bayan daƙiƙoƙi ko mintuna don ta yi tsimin wuta, kuma kamar yadda na faɗa zangonta ba shi da kariya. Don sa ido da gargaɗi tana da kyau ƙwarai. Don kashe inji kuwa sai in an tantance hanyar sadarwar kanta don tsaro kuma an tsara cewa yankewar sigina tana kai injin ga tsayawa lafiya, kamar yadda ake yi a rimot ɗin kiren ƙarƙashin IEC 62745. In ba haka ba ka ja waya.

Rajistar WirelessHART ko ISA100 doka ce?

Ba doka ba ce, shaidar cewa kayan kamfanoni daban za su fahimci juna ce. WirelessHART ita ce IEC 62591 kuma FieldComm Group ke yi mata rajista, ISA100.11a kuma IEC 62734. Dukansu a kan rediyon IEEE 802.15.4 suke a 2.4 GHz da ɓoye saƙo na AES-128. Abin da ya zama doka yanzu shi ne tsaro daga masu kutse: a Turai tun 1 ga Agusta 2025 kayan rediyo masu haɗuwa da intanet, kai tsaye ko ta wata na'ura, sai sun cika ƙarin sharuɗɗan RED da dokar 2022/30 ta kunna, jerin EN 18031 ake bi. Masana'antu kuma da yawa suna neman IEC 62443 a cikin kwangila.

Siginar tana cutar da ma'aikaci?

A irin wannan ƙarfin abin kaɗan ne, amma ana tantance shi. Na'urar da ke ɗaure a wuri yawanci ana rubuta a bar santimita 20 tsakanin eriya da jikin mutum. Wadda ake ratayawa a jiki kuma gwajin SAR ake dubawa, wato yawan ƙarfin siginar da jiki ke sha, iyakar Amurka wat 1.6 a kilo, ta Turai wat 2 a kilo, hanyar awon ce ta ɗan bambanta.

Ta yaya zan tabbatar takardar da dillali ya turo min ba jabu ba ce?

Kar ka tsaya kan fayil ɗin da ya turo, je ka asalin wurin. FCC ID ana bincikarta a rumbun FCC, za ka ga zangon da ƙarfin da aka amince da su har da hotunan na'urar. Satifiket ɗin IECEx yana shafin IECEx, ka duba ko yana aiki ko an dakatar ko an soke shi, da lambar fitowarsa ta ƙarshe. Na ATEX lambarsa tana ɗauke da sunan hukumar da ta bayar da shekara, kuma kusa da CE za ka ga lamba huɗu ta hukumar da ke sa ido kan ƙerawa, ga rukuni na 1 da na 2 na kayan lantarki dole ta kasance, rukuni na 3 ne kawai kamfani yake iya ba da shaida da kansa. Sannan ka ɗauki cikakkiyar lambar samfurin da ke jikin na'urar harafi bayan harafi ka gwada da wadda ke cikin satifiket, domin kamfani ɗaya yana fitar da samfuri ɗaya iri-iri, wani na wurin gas wani na wuri lafiya, wani na 868 wani na 915, a ido duk ɗaya suke harafi ɗaya ko biyu ne ya raba su.

Bayan an girka, akwai abin da ya rage kuma?

Akwai. Girkawa a zon tana bin IEC 60079-14, dubawa lokaci-lokaci IEC 60079-17, gyara kuma IEC 60079-19, kuma gyaran kayan Ex ba kowane mai gyara ke yinsa ba. Ka ajiye DoC da satifiket da littafin a fayil ɗin wurin, masu inshora da masu bincike su za su fara tambaya. In kamfani ya turo sabuwar manhajar cikin na'ura ka tabbatar ta yankinka ce, kada a sauya saitin ƙasa ko ƙarfin sigina da hannu. In kuma aikin wurin ya canza, aka kawo sabon gas ko aka ƙara zafi, sai an sake duba zon ɗin da na'urorin da ke cikinsa daga farko.